Hannun Rigar Yaya

Shekarun da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ni da yayana muna da shagon kafinta a Boɗinga. Abin taƙamarmu injin nan ne mai juya katako: ka ɗaure gungume tsakanin haƙoransa, yana wulwulawa, kai kana kanga masa ƙarfe har ƙafar gado ta fito sumul. Ni goge-goge kawai na iya. Hannun Yaya ne ke ciyar da gidanmu duka.

Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Ran da aka kawo ta, ko tuwo ne a bakinka sai ka tashi.

Wata Juma'a surukin Yaya ya zo daga garin Shagari, ya ce yana son ganin injin da ake ta ba shi labari. Muna dawowa masallaci aka kawo wuta. Yaya ya nufi injin da babbar rigarsa. Na bi shi, na raɗa masa ya tuɓe, don shi da kansa ya hana a kusanci injin da riga mai hannu.

"Gaban Baba zan tsaya da singileti? Ba ka da hankali?"

To me zan ce? Ƙane ne ni, ga suruki zaune bisa benci yana murmushi. Yaya ya naɗe rigar a kafaɗa ya kunna. Ina kallo naɗin yana zamewa. Na yi ihu, ƙarar injin ta shanye muryata. Kafin in kai ga makunni, katakon ya naɗe rigar ya ja hannunsa na dama ciki.

A bayan motar albasa muka kai shi Sakkwato, tsohon yana riƙe da kansa yana salati. A asibiti aka ce babu kayan aiki, sai mun sayo. Na zaga shagunan magani kamar mahaukaci, wannan ya ce babu, wancan ya ce sai an shigo da kaya. Wallahi har yau raina na ɓaci in na tuna. Kafin mu haɗa, hannun ya yi baƙi, aka yanke shi daga wuyan hannu.

Da ya fara tashi, ya jira har ɗakin ya rage mutane, sannan ya kira ni. Bai dube ni ba.

"Zo ka ɗaure min zariyar wando."