Yarinyar da Ke Cikin Kanal

Ko na manta sunana, ba zan manta ranar da jikata ta karanta mini littafinta ba.

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma daga Kura har Bunkure a tambaya. In muka zauna yankan tumatir na shanya, ni ke riƙe matan da labari har wuƙa ta tsaya a hannunsu. Wanda suka fi so shi ne na yarinyar da ta je ɗauraye ƙwarya a kanal ɗin noman rani, ruwa ya ɗauke ta, ya kai ta wani gida a ƙarƙashinsa inda ba a yunwa, ba a kuka.

Jikar nan tawa tana jami'a. Ta zo ta naɗi labarin a waya, ta tafi. Bayan damina sai ga ta da littafi mai baƙin bango.

"Tsohuwa, kin shiga takarda! Gyara zama."

"Da can a kwandon shara nake? Karanta, ƙawata."

Har ɗankwali na gyara. Ta karanta cewa ruwan nan mulki ne da ya cinye gonakin mutane, yarinyar kuma talaka ce, gidan ƙarƙashin ruwa mafarki ne da ake lallashin talaka da shi.

Na ce, "Wace talaka? 'Yata ce, yayar uwarki. Shekararta shida. Ni na aike ta da ƙwaryar, ko gawarta ba mu samu ba."

Ta rufe littafin. Ba ta sani ba, don ba a ambaton yarinyar a gidanmu. Idonta ya kawo ruwa, amma ta ce a hankali, "Iya, a falsafar da muke nazari da ita, in labari ya bar bakin mai shi, ya daina zama nasa. Abin da kika nufa ba shi ake dubawa ba."

"To wa ake tambaya?"

"Labarin."

"Shi ya haife ta?"

Ba mugunta ta yi ba, abin da aka koya mata ne. Kuma abin da ya fi ci mini rai, maganarta ta zauna daram. Gonarmu ma ai an yanka ta lokacin haƙa kanal.

Da tumatir ya sake nuna, mata suka ce in ba su labarin. Na kama, har na kai bakin ruwa. A nan kullum nake ganin fuskarta, da wushiryarta, don ba ta da hoto ko ɗaya. Ran nan na duba, babu. Wata talaka ce tsaye, marar fuska. Na ce musu kaina ke ciwo. Shekara bakwai ke nan ina komawa bakin ruwan nan a zuci, ba ta dawo ba.

Abin da na koya, ku masu ilimi ku ji: kafin ku tambayi labari me yake nufi, ku tambayi mai shi wa ta binne a ciki.