Yatsan Kawu Ya Sauka A Kan Ikabod

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi akurkin kaji ba: teburi ɗaya, fitila, sai gwangwanin madara cike da ƙananan noti. Mutum ne mai sanyin hali, in ka taka shi ma shi zai ba ka haƙuri. Abu ɗaya ne ba a ja da shi a kai, wato sunan jariri. Duk haihuwar da aka yi a gidansa, sai ya wanke hannu, ya ɗauko littafin ibadarsa mai baƙin bango, ya rufe ido, ya buɗe, ya ɗora yatsa. Sunan da ya fi kusa da yatsan, shi ke nan. Ba ya karanta abin da ke sama ko ƙasa, ba ya sake buɗewa. Haka mahaifinsa ya yi masa. Shi ya sa 'ya'yansa suka tashi da sunayen Ibrananci masu karya harshe, kowa ya gudu ya fake a bayan laƙabi.

To, da matar ƙaramin ɗansa Auta ta haifi namiji, abin bai zo da sauƙi ba. Jini ya ɓalle mata, aka riƙe ta a asibiti, ba ta san wanda ke kanta ba. Jaririn kuwa aka kawo shi gida wajen Inna, matar Kawu. Da hantsi muna falo, Kawu ya yi abin da ya saba.

"Ikabod," in ji shi.

Auta ya leƙa ta kafaɗarsa, ya bi shafin da ido. Sai na ga fuskarsa ta canja.

"Baba, ka san ma'anarsa? Ɗaukaka ta tafi. Wata mata ce mai tsohon ciki aka kawo wa labarin an kashe mijinta a yaƙi, surukinta ma ya faɗi ya mutu. Naƙuda ta kama ta, ta haihu, ta raɗa wa ɗan wannan suna, ta cika."

Inna ta gyara goyon jaririn a bayanta.

"Maigida, sake buɗewa," in ji ta.

"Ba a sakewa. Ni na zaɓa? Yatsa ne ya sauka."

"Yatsan na maƙwabci ne ka aro? 'Yar mutane tana can rai a hannun Allah, ka ce a kira ɗanta da sunan maraya?"

Auta ya miƙe. "Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Amma ranar da aka kira ɗana da sunan nan, ranar zan kwashe kayana daga gidan nan."

Kawu ya dube shi, ya dubi bayan Inna. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya sunkuya a kan shafin yana motsa leɓe. Tun da nake ban taɓa ganin ya karanta abin da ke kewaye da yatsansa ba. Ya daɗe yana karantawa.

"Shi Ikabod ɗin, wa ya raɗa masa?" ya tambayi Auta.

"Uwarsa."

"Ba kakansa ba?"

"Kakan ai ya riga ya mutu, Baba."

Kawu ya rufe littafin a hankali. "To sunan uwa ce mai barin duniya. Ni ba uwa ba ne, tamu kuma ba ta tafi ba. Ba zan sake buɗewa ba, ba kuma zan kira shi ba. A bar yaro haka har uwarsa ta tashi ta faɗa da bakinta."

"In ba ta tashi ba fa?" Inna ta ce ƙasa-ƙasa.

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya nufi asibiti. Shago ya kwana biyu a kulle, masu agogo suna zuwa suna komawa, shi yana kan benci a ƙofar ɗakin marasa lafiya.

Ranar da matar Auta ta buɗe ido, nas ta bari ya shiga. Ya tsaya daga nesa riƙe da hula, ya ce, "'Yata, yaronki ba shi da suna. Ke muke jira."

Ta dube shi, leɓenta a bushe.

"Baba, ku kawo mini shi in gan shi tukuna."