Ramuka Uku a Gonar Baba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, kuma a makon nan ake jira in sa hannu a sayar da gonarsa da ke kan hanyar Kurfi.

Mutanen Dutsin-Ma sun san shi da koyarwa a makaranta. Kaɗan ne suka san cewa tun yana aiki a birni ya kamu da son golf, wasan buga ƙaramin ƙwallo da sanda zuwa rami, a wani tsohon fili da aka zana tun zamanin Turawa. Sau ɗaya ya kai ni can, ina 'yar shekara goma sha uku. Na zaci zan ga koriyar ciyawa irin ta talabijin, sai na tarar da jar ƙasa da kwari, ga wata tsamiya tsaye ƙiƙam a kan hanyar ƙwallo.

"Baba, me ya hana su sare ta?"

"Uwata, ai ta riga su zuwa," in ji shi. "Waɗanda suka zana filin nan ba su yi faɗa da ƙasa ba. Kewaya ta za ki koya."

Kewayen kowane rami yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe. In ka zura ƙwallonka, ba ka wucewa sai ka ja buhu a kai ka shafe sawunka, don na bayanka ya tarar da wurin sumul. Ranar na manta. Bai yi faɗa ba, ya dai tsaya yana kallona har na koma na ja.

Da ya yi ritaya sai ya gina ramuka uku a gonarsa, ya binne gwangwani a kowanne. Ana gama cire wake yake fito da sandunansa. Bai cike kwarin gonar ba, bai taɓa kukar da ke tsakiya ba. Manoman Tamawa kan tsaya da babur su tsokane shi: "Malam, yau ma ƙwai ake shukawa?" Ya yi dariya ya miƙa musu sanda.

Yanzu damina uku ba a noma gonar ba. Tsoron 'yan bindiga ya hana kowa yini a can. Yayana Sani ya sami masu son yanka ta fulotai, kuma ban ga laifinsa ba. "Ke kina ganin Baba a wurin," ya ce da ni, "ni kuwa hanyar nake gani, da wanda zai bi ta."

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Mutumin da ya ƙi sare itace guda, ya zai ji in ya ga an baje komai ya zama daidai wa daida? Ko kuwa cewa zai yi wannan ma tsamiya ce, in kewaya? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke cin raina.

Jiya da hantsi Yaya ya kai ni. Ruwa ya cinye ramuka biyu, na ukun yana nan a gindin kuka. Na buga da sandar Baba, sau tara kafin ƙwallon ya faɗa gwangwani. Yaya na ta duban daji yana cewa mu tafi.

Zan sa hannu. Baba bai bar gini ko allo mai sunansa ba, ya saba shafe sawunsa. Abin da ya bari yana hannuna ne. Kafin in hau babur na ciro buhu na ja a kan yashin har ya yi sumul, alhali na san babu mai zuwa bayana sai katafila.

Allah Ya jiƙan Baba.