Ƙanƙara ta kayar da ni, na sake hawa keke

Jama'ar Dogon Dutsi, wata biyar kun ji ni shiru. Wasu sun ce Isaka ya tafi Kanada ya manta da mutane. Wallahi ba haka ba ne. Kaina aka yi wa aiki.

Tun ina ƙarami nake tuƙa keke cikin rairayin Ɗan Kassari. Shi ya sa da na zo karatun noma na sayi keke, na ce ƙanƙara me za ta yi mini?

Wata Talata da safe, a kwanar da ke kusa da makaranta, na kama birkin gaba. Ashe ruwa ne ya daskare bisa kwalta, ido ba ya ganinsa. Ƙeyata ta bugi ƙasa, ba hular kwano. Ban ga jini ba, sai na tashi na shiga aji.

Bayan kwana uku ciwon kai ya fara. Rana ta biyar na yi amai, cokali ya suɓuce daga hannuna na hagu sau biyu. Maƙwabciyata Madam Liz, tsohuwa mai shekara saba'in, ta gaishe ni a ƙofa, ta ji harshena ya yi nauyi.

"Isaka, ka faɗi kwanan nan?"

"Ƙaramar faɗuwa ce, Madam."

"Ɗauko rigar sanyinka. Yanzu."

A asibiti aka saka ni cikin sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin kai. Likita ya juyo mini da hoton ya ce, "Jini ne ya taru yana danne maka ƙwaƙwalwa. Yau za mu yi aiki, ba gobe ba."

Na kira Inna da niyyar in ɓoye mata, amma gaisuwa kawai na yi ta ce, "Mi ya same ka? Wagga murya ba taka ba ce." Na faɗa mata. Ta ce, "Ba ni tashi bisa tabarmar sallah sai ka sake kirana."

Bayan aikin na farka da robar fitar da jini a kaina. Kwana tara a kwance. Kowane lokaci a haska mini ido, a tambaye ni sunana da ranar da muke ciki. Sau ɗaya na kasa faɗin ranar. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Inshorar ɗalibai ce ta ɗauki nauyin aikin. Hannu ya dawo a hankali, da matsa ƙwallon roba.

Da likita ya yarda in hau keke, sai na kasa hawa. Madam Liz, wadda ba ta ajiye kekenta ko ana zuba ƙanƙara, ta kai ni wani fili. Muka sa taya mai ƙananan ƙusoshi, muka sauke sirdi.

Ta ce, "Saki kafaɗunka. Birkin baya, a hankali, kafin kwana, ba cikinta ba."

Ranar farko ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Mako na uku na wuce waccan kwanar, zufa na keto mini cikin sanyi, Madam Liz tana bayana tana buga ƙararrawa.

Na gode wa Allah, da Inna, da Madam Liz, da ku masu cigiyata.

Idan kai ya bugu, ko ba jini, ku je a duba. 'Yan kabu-kabun hanyar Sukukutane, na san hular kwano zafi gare ta. Ku sa ta. Na ɗanɗana duka biyun, zafinta bai kama ƙafar na wuƙar likita ba.