Ranar da Onodera Ya Saki Birki

Shekara talatin Onodera Shigeru yana tuƙa tasi a birnin Sendai da farar safar hannu, tayarsa ba ta taɓa yin ƙara ba. Da ya yi ritaya, sai ya nace wa 'yarsa Kaede, gwanar filin tsere, ta koya masa shan kwana da zamiya. Wata huɗu, da zarar bayan motar ya goce sai ƙafarsa ta ruga birki.

"Baba, ba ƙwai ka ɗauko ba," in ji Kaede. "Taka mai."

Ran nan ya taka. Motar ta sha kwanar a karkace, hayaƙi na tashi, ta miƙe sak. Ya tsaya, ya gyara safarsa.

"Mun iso, ranki ya daɗe. Sai kuma ina?"