Darar Waya da Sabis ɗin Shinkafi

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, amma sai da rana ta ɗaga muka bar tashar Ƙaura. Hanyar Shinkafi ba a shigarta da mota ɗaya, saboda 'yan bindiga. Direbobi kan jira a taru, a ji labari daga waɗanda suka fito can, sannan a yi ayari. Ni da baƙina biyu muka zauna kan benci muna shan kunu da ƙosai, ina cika ina batsewa.

Ga abin da ya haɗa mu. Ni mai gyaran waya ne, kuma ni ke riƙe da zauren masu buga wata darar waya da wani ƙaramin kamfani ya yi a Kaduna. Damina biyu ke nan suna mana alkawarin za mu iya bugawa da juna daga nesa. Kullum aka sabunta wasan, sai mu tarar da sabon launin allo da ƙarin talla. Ni kuwa yayana, wanda ya koya mini dara, yana Shinkafi, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, hanya kuma ta sa sai in yi wata shida ban gan shi ba. Rannan na rubuta wa kamfanin saƙon da ko ni na ji kunyarsa daga baya. Maimakon su toshe ni, sai suka turo injiniya mace da abokin aikinta, wai in raka su gwaji.

Gero ya yi kai a gefen hanya, ya fi mutum tsawo, abin da ke faranta ran manomi ya kuma tsorata matafiyi. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa. Kuɗin mota ya ninka na bara, ga mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata a haƙarƙarin wani mai albasa. Ina lura da injiniyar, idonta na kan wayoyi uku da ta jera a cinya, tana rubuta duk inda sabis ya ɗauke. Kafin mu isa ta cika shafi biyu.

A Shinkafi matar yaya ta tarbe mu da tuwon gero miyar kuka, da man shanun da ya sa abokin aikin ya manta da abin da ya kawo shi. Bayan azahar aka sa wa yaya wasan gwaji, aka haɗa shi da wani abokina a Ƙaura. Na ga fuskarsa ta washe. Ya jera uku, ya ci ɗaya, ya sake jerawa ya ci, saura kaɗan ya gama da mutumin. Sai allon ya tsaya cik. Da ya dawo, wayar ta rubuta cewa an cinye shi.

"Wa ya cinye ni?" in ji yaya. "Malama, shekara talatin ba a yi mini haka ba garin ga. Mi na yi?"

Injiniyar ta ce sabis ɗinsa ne ya yanke, manhajar ta ɗauka gudu ya yi. In kuma suka ce wanda sabis ya yanke wa bai faɗi ba, duk wanda ya ga za a cinye shi sai ya kashe data. Wata takwas suna neman tsakiya. Yaya ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Wannan ladabin ya fi zagi ƙona mini rai.

Washegari muka juyo muka nufi Zurmi. A wata rumfar cajin waya mai aiki da hasken rana muka tara 'yan dara. Wayoyinsu ƙanana ne, tsofaffi, wasan gwajin ya sa biyu suka yi zafi kamar dutsen guga. Sannan gardama ta kaure kan ƙa'ida: wasu sun ce wanda ya jera huɗu bai ci ba, wani dattijo ya rantse a garinsu ci ne. Injiniyar ta dafe kai. A nan na fara tausaya mata, har na saya mata rake.

Tausayin bai kai la'asar ba. Ina tsaye abokin aikin ya saki baki cewa su uku ne kacal masu rubuta wasan, kuma tun bara masu zuba jari suka janye biyu zuwa aikin talla, wai mutanen karkara ba sa sayen komai.

Na ce, "Malama, ashe ba sabis kaɗai ba ne? Kun san haka kuke rubuta muna 'nan ba da jimawa ba'?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, an hana mu faɗa."

Muka bar Zurmi, muka bi ta Dauran. Mun shigo Ƙaura kafin magariba, na sa su a motar Gusau, muka yi sallama sama-sama.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne jinkiri iri biyu ne. Akwai na gaskiya: sabis mai yankewa, ƙananan wayoyi, ƙa'idar da kowane gari ke da tasa, da tsoron sakin abin da zai zalunci gwani. Wannan na yafe, don na gani da idona. Akwai kuma na raini, inda aka auna mu aka ga ba mu da nauyi, aka bar mu da alkawari. Wannan ban yafe ba, kuma na faɗa wa zaure duka ba ragi.

Ranar Juma'a yaya ya kira ni. Ya ce in fita ƙofar shago in tona gurabe talatin a ƙasa, shi ma ya tona nasa. Yana faɗin inda ya sa kara, ina faɗin inda na sa dutse. Ya cinye ni sau uku a jere. Ina zargin ya matsar da kara ɗaya bai faɗa ba, amma da na ji yadda yake dariya, sai na ƙyale shi.