Gilashi Biyu na Jatau Maƙeri

Duk wanda ya zauna Talata Mafara a shekarun da ake gina madatsar Bakolori ya san Jatau Maƙeri, dogon nan mai tabon wuta a hannu. Ƙira ya gada a Garbadu, fartanya da lauje yake yi, har lokacin da kamfani ya zo yana ɗibar duk mai iya taɓa ƙarfe. Aka sa shi ƙarƙashin wani injiniya, Oga Philip, mai kafa iyakwandishan a gidajen manyan ma'aikata, irin wadda ke hura sanyi da bazara, in ɗari ya shigo a murɗa ta ta hura ɗumi. Shekara biyu Jatau yana riƙon tsani da miƙa sifana. Boko kam sai lambobi ya sani, amma inji na yin tari zai gaya maka inda ke masa ciwo.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar ɗari, Philip ya miƙa masa ma'aunin zafi ya ce, "Je gida na tara ka tayar da injin kai kaɗai. In allura ta kai inda na zana, zan sa maka hannu a takarda ka zama cikakken makanike."

Gidan Malam Audu akawu ne, kuma kwanan matarsa Safara'u biyar da haihuwa. Da ma gida za ta tafi wankan jego, to ƙauyensu na cikin waɗanda ruwan madatsar ya tasa, shi ya sa uwarta, Inna Saude, ta tattaro ta zo.

Bayan doguwar gaisuwa da barka, mai jego ta koma falo, Jatau ya shiga ɗakin kwananta. Ya bi waya, ya duba bututun da ruwa ke ɗiga, ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa ko iskar gas na fita. Ya rufe tagogi ruf, don haka ƙa'ida ta ce, sannan ya kunna. Inji ya ɗauka lafiya lau, allura ta fara hawa. Sai hancinsa ya jiyo abin da ba a ɓoye wa ɗan maƙera. Ya leƙa ƙarƙashin gadon ƙarfe, ga kasko cike da garwashi.

Nan take ya tuna baya. Yana da shekara bakwai yayansa Gajere ya shiga ɗaki da gawayin maƙera don sanyi, ya toshe ƙofa da tsumma, da safe aka same shi kamar mai barci, ashe ya cika. Tun ranar ubansu yake cewa rumfar ƙira ba don talauci aka bar ta a buɗe ba. Ɗakin ƙasa ko babu komai yana da kafar iska. Wannan kuwa siminti ne da gilashi, kuma shi Jatau da hannunsa ya liƙe shi.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, a yi haƙuri a hidda kaskon ga. Injin ga shina ba da ɗumi, gawayi kuwa cikin ruhwahhen ɗaki kisa shikai."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗiya tara na haihwa, duk bisa wuta na yi jegonsu. Mi akwatin Nasara ya sani ga jikin mace? Yi aikinka, ɗana."

Ya je wa Malam Audu da maganar, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce wa zai haɗa shi da surukarsa.

Jatau ya koma ya tsaya gaban ma'auni. Saura kaɗan allura ta kai zanen, kuma yana son takardar nan har cikin ransa. In ya gaya wa Philip, faɗa zai yi, tsohuwa ta ce to, su juya baya ta mayar da kaskonta. Sai ya jawo tsani kamar mai duba waya, ya zare gilashi biyu na can saman taga, bayan labule, inda hannun Inna ba ya kai. Ya naɗe su cikin buhun kayansa.

Da la'asar Philip ya zo ya tarar allura ta sauka, ta ƙi motsi. Ya tambayi dalili, Jatau ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Takardar dai wani Hayatu aka ba, Jatau ya ƙara shekara guda da riƙon tsani. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ko matarsa bai gaya wa ba.

Ranar da mai jego ta yi arba'in ya dawo da sunan duba inji, ya mayar da gilasan. Yana saukowa Inna Saude ta tare shi da jariri a hannu.

"Kai, injin ga naku na banza ne! Kusan kwana arba'in iska na shigo muna. Ba don kaskona ba, da sanyi ya kashe min jika. Ungo, gan shi."

Jatau ya goge hannu a rigarsa ya karɓa. Yaron na barci, numfashinsa mai ɗumi yana sauka a kan tabon wutar nan.

Ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Allah shi raya."